Baba Ya Manta Tabarau

"Dariya ce kawai, Alƙaliyata... littafin ban dariya ne."

"Na ga dariyar. A shafi na arba'in da ɗaya na gan ta."

Auta na tsaye a tsakiyar ɗaki da littafin a hannu, sabo fil, ko warin tawada bai sake shi ba. Mijinta na bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, don dawowarsa ke nan daga maɗaba'a ya tarar da ita a haka.

"Ban fa ambaci sunan kowa ba," ya ce.

"Attajiri mai 'ya'ya mata biyu. Mai ɗaki guda cike da littattafai. Wanda duk takardar da aka miƙa masa sai ya shafa aljihu ya ce ya manta tabarau..." Ta ɗaga littafin. "Me ya rage ka rubuta? Lambar gidanmu?"

"Ai na canza. Baba tayil yake sayarwa, wannan kuwa fenti."

"Sannu da ƙoƙari."

Ya ajiye takalmin ya matso. Ta ja da baya.

"Ni na faɗa maka," ta ce. "Da bakina, a ɗakin nan, kaina a kafaɗarka. Abin da ko Yaya ba ta sani ba. Na ba ka shi ne don ka san mahaifina ka so shi, ba don ka sa gari ya yi masa dariya ba."

"Ba wanda zai gane..."

"Ni na gane."

Mutumin da ke iya cika shafi goma a kan faɗuwar ganye ɗaya, ranar ya nemi kalma guda ya rasa. Ta ɗora littafin a kan teburinsa a hankali, ta ɗauki mayafi da 'yar jaka, ta sauka matakalar benensu mai ƙara ba ta waiwaya ba. Telan da ke ƙasan benen ya ɗago daga kekensa ya ce a dawo lafiya, ta amsa masa da ka.

Kada a ɗauka Auta mai saurin fushi ce. Abin yana da tushe.

Mahaifinta da gumin jikinsa ya yi arziki. Daga dako ya fara, ya koma sayar da siminti, har ya kai yau in ana zancen tayil a garin sai an ambaci shagonsa. Kallo ɗaya zai yi wa falo ya faɗa maka kwali nawa zai ci, kuma ba ya kuskure. Amma makaranta bai taɓa shiga ba. Matarsa ce ke karanta masa takardu a asirce, da ta rasu Auta ta gaje ta tana 'yar shekara tara. Kowace la'asar sai ya shiga ɗakin littattafai, ya shafa aljihun gaba, ya ce, "Kash, na manta tabarau. Auta, zo ki duba mini." Ita kuma ta zauna gefensa, ta ɗora yatsa a kan layi, tana bi tana karantawa. Ba su taɓa buɗe maganar ba, ko sau ɗaya. Tabarau kuwa yana nan cikin durowar tebur, a gidansa na fata, bai taɓa hawa hanci ba.

Ɗakin littattafan aikin Yaya ne, babbar 'yarsa. Da ta auri manajan banki ta gano cewa gidan manyan mutane ba ya cika sai da littattafai, sai ta je ta ciko mota, tana zaɓe da launi: jajaye a sama don su dace da labule, masu ruwan ƙasa a ƙasa don su dace da kujeru. Har da wasu manya guda shida na koyon gyaran injin jirgin ruwa, a gidan da ba wanda ya taɓa ganin jirgin ruwa.

Shi kuwa mijin Auta, mai gyaran kura-kurai ne a maɗaba'a, wuni yake da jan biro yana farautar harafin da ya kauce hanya. Yaya ce ta laƙaba masa Malam Biro, sunan kuma ya bi shi. Burinsa a duniya ɗaya ne: a kira shi marubuci ba tare da an yi murmushi ba. Ya wallafa littattafai biyu masu ban tausayi, su ma suka tausaya masa suka ƙi barin gida. Suna nan jibge a ƙarƙashin gado, wasu ma su ke tallafe da ƙafar da ta karye. Duk ranar da aka taru a gidan Yaya, manajan banki sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam Biro, har yanzu ana ɗan taɓa rubuce-rubucen?" Daga nan a ba shi kujerar ƙarshen tebur, wadda ke kusa da ƙofar kicin.

Auta na ganin yadda abin ke cin sa. Ita ce ma ta ce masa wata rana, "Kai fa mutum ne mai ban dariya. Me ya sa da ka ɗauki biro sai ka koma kamar mai zaman makoki?"

Daga nan suka samo hanyar aikinsu. Ya rubuta da hannu, ya karanta mata tana ninke kaya ko tana yanka albasa, duk inda ta yi dariya sai ya zaro fensir daga aljihu ya ɗiga alama a gefen shafi. Shafin da bai sami alama ba, kwandon shara ne makomarsa. Shi ya sa yake kiranta Alƙaliyata.

Wannan littafin ne kaɗai bai karanta mata ba. Ya ce mamaki zai ba ta. Ya kuwa ba ta.

A gidan mahaifinta ta ce hutu ta zo. Baba ya dube ta, ya dubi jakar, ya ce, "Gidanku ne." Bai ƙara ko kalma ba.

Littafin kuwa, Surukin Gidan Bene, ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Ɗalibai na karɓa hannu da hannu, jarida ta yaba, ƙungiyar marubutan da a da mutum biyar ke zuwa su karanta wa juna su tafa wa juna, yanzu har kujeru suke arowa. Sa'a ɗaya aka ci: a dangi da abokan arziki babu mai karanta littafi. Yaya ta sayi kwali guda, ta ɗauki hoto da littafin tana dafe da haɓa, ta raba wa ƙawayenta, su ma suka ɗauki hoto. Manajan banki ya soma cewa "ƙanena marubuci" a wurin taro. Babu wanda ya wuce bango.

"Ke dai ba ki da wayo," Yaya ta ce mata, ranar da ta zo ta same ta kwance. "Lokacin da ba kowa ba ne kin manne masa kamar cingam. Sai yanzu da ya fara zama mutum za ki yi yaji?"

"Kin karanta littafin, Yaya?"

"Na fara. Bangon ya yi kyau, ya dace da falona."

Auta ta danne dariya har cikinta ya yi ciwo, domin a babi na huɗu akwai wata mata mai sayen littattafai da launin labule. Tana danne dariyar kuma sai ta ji ta juya tana neman wanda za ta ba labari. Babu shi. Nan dariyar ta mutu.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. Ɗakinta na 'yanmatanci ya ninka nasu sau biyu a faɗi, ga sanyin na'ura, ga shiru. Shirun ne ya fi damunta. Ta saba da ƙarar keken tela daga ƙasa, da sautin biro yana gudu a kan takarda, da muryarsa in ya ɗago yana cewa, "Saurari wannan, Alƙaliyata." In ta haɗa shayi da safe sai ta ga ta ɗauko kofi biyu. In ta ga abin dariya a titi sai ta adana masa shi a zuciya, har suka taru suka yi mata nauyi.

Saƙonninsa na shigowa kullum.

"Hasken idona, na yi kuskure. Ki bar ni in zo in faɗa da bakina."

"Na kasa rubuta ko layi ɗaya. Wa zai yi dariya?"

"Tela na tambayarki. Na ce kina lafiya. Kina lafiya?"

Ba ta amsawa, ba ta kuma gogewa. Duk ranar Asabar yakan zo ya zauna a bencin mai gadi, ya ƙi shigowa, ya ƙi tafiya. Ita kuma ta laɓe bayan jan labulen ɗakin littattafai tana leƙensa. Ya rame. Wuyan rigarsa a murɗe, ba wanda ya gyara masa. Hannunta har ƙaiƙayi yake ta je ta miƙar da wuyan rigar nan.

Tana son sa, ba ta taɓa yi wa kanta ƙarya a kan wannan ba. Amma duk lokacin da ƙafarta ta nufi ƙofa sai ta tuna tsohon nan yana shafa aljihu, da mutanen da ba su san shi ba suna ƙyalƙyala dariya a ɗakunansu. In ta koma, ji take kamar ta sa hannu a shafin nan tare da shi.

A mako na uku abin da take tsoro ya zo.

"Auta, zo mana."

Baba na zaune a kujerarsa, littafin a kan cinyarsa.

"Surukina ya yi littafi, gari na ta yabo, ni kaɗai ban ji abin da ke ciki ba." Ya shafa aljihun gaba. "Kash... na manta tabarau."

Ta zauna. Ta ɗora yatsa a kan layi.

Babi na ɗaya da na biyu ba su da laifi. Labarin wani talakan ango ne da ya ari takalmi ya je gaishe da surukai, takalmin ya matse shi, ya cire a ƙarƙashin tebur, kyanwar gidan ta ja ɗaya ta gudu. Mijinta da kansa yake yi, ta sani, don tana wurin ranar. Baba ya yi dariya har da tari. Ita ma dariyar ta ƙwace mata ba ta shirya ba, ta yi har hawaye ya zubo, kuma ba duk hawayen ne na dariya ba.

Kwana huɗu suka kai shafi na arba'in da ɗaya, a babi na uku.

Ta ga layin yana tahowa tun daga sama. An rubuta: "Mai fenti ya shafa aljihu ya ce ya manta tabarau. Shekara talatin ke nan tabarau ɗin nan na ɓata, kuma ko da an same shi, ba abin da zai gani a takarda sai tururuwa sun jeru."

Ta ja numfashi, idonta a kan shafin, ta ce:

"Mai fenti ya shafa aljihu ya ce ya manta tabarau. Ba mantawa yake ba. Ya san in ya sa tabarau zai karanta takardarsa shi kaɗai, in kuwa ya manta, 'yarsa za ta zo ta zauna kusa da shi."

Baba ya ce, "Ci gaba."

Daga ranar ta shiga aikin da ba ta taɓa yi ba. Da safe ta karanta shafukan ranar a ɓoye, ta shirya abin da za ta faɗa a madadinsu. Inda littafi ya ce mai fenti ya riƙe jarida a juye a gaban baƙi, ita ta ce ya ba da jaridar aka rufe wa wata tsohuwa tagar da ta fashe. Inda ya ce yana sa hannu a takarda kamar kaza ta taka tawada, ita ta ce hannun nasa ya taurare ne saboda ɗaukar kaya tun yana ƙarami. Abin da ya fi ba ta haushi, da salon mijinta take ƙirƙirar. Tana jin inda zai tsaya, inda zai saki zolaya, kamar yana zaune bayanta yana raɗa mata. Ba ta taɓa jin kewarsa kamar a waɗannan la'asar ɗin ba.

"Wannan mai fentin mutumin kirki ne," Baba ya ce wata rana. "Surukina ya iya rubutu."

"Ya iya, Baba."

Ta fita ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

A mako na bakwai, bayan ta rufe littafin, Baba ya ce, "Gobe ki huta. Na aika a kira mai littafin. Babi na ukun nan nake so in ji daga bakinsa, na ga ya fi sauran daɗi."

Ta ce to. Ta wuce ɗaki. Ta ɗauki waya, ta kira lambar da ta yi mako bakwai tana kallo.

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Alƙaliyata..."

Ta rufe ido. Ba ta san murya na iya yi wa mutum haka ba.

"Ba hira na kira mu yi ba. Gobe Baba zai sa ka karanta masa babi na uku. Ba abin da ka rubuta za ka karanta ba. Abin da na faɗa masa za ka faɗa."

"Me kika faɗa masa?"

Ta faɗa masa, tun daga tabarau har jarida.

"Ya fi nawa kyau," ya ce a hankali.

"Ba yabo na kira nema ba. Ka haddace."

"Na haddace. Duk abin da ya fito daga bakinki ina haddacewa... shi ne ma laifina." Ya numfasa. "Kina cin abinci?"

"Ina ci."

"Kofinki na nan inda kika bar shi."

"Sai goben," ta ce, ta kashe da sauri, kafin bakinta ya faɗi abin da zuciyarta ke faɗa.

Washegari da la'asar ya zo. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida Baba, kansa a ƙasa. Da ya ɗago suka haɗa ido da Auta, kowa ya kau da kai. Wuyan rigar na nan a murɗe.

"Zauna, ɗana. Ga littafinka. Babi na uku."

Ya buɗe. Ya kafa ido a shafi ya fara faɗin abin da ta koya masa, kalma bayan kalma, bai kuskure ba. Auta ta soma sakin numfashi. Ya kai inda 'yar za ta zo ta zauna kusa da uban.

"Tsaya," Baba ya ce. "Ba haka aka rubuta ba."



Baba ya miƙa hannu ya karɓi littafin. Bai shafa aljihu ba. Ya ɗora babban yatsansa mai kanta a kan layi, daidai yadda Auta ke yi, ya sunkuya.

"Mai... fen... ti... ya sha... ya shafa... al... ji... hu."

Auta ta toshe baki da hannu biyu.

A hankali yake tafiya, yana tuntuɓe yana tashi, kamar mai hawa matakala da buhu a ka. Bai tsallake komai ba, har ya kai ƙarshe.

"Sai... tu... ru... ru... wa... sun je... ru."

Ya ɗago.

"To, ga shi tururuwan sun fara yi mini magana."

"Baba..." Auta ta ce.

"Ranar da kika tafi gidan mijinki, na shigo ɗakin nan da la'asar na shafa aljihu, sai na tuna ba wanda zan kira. Akwai wani tsohon malamin firamare da ke zama kusa da shagona. Na ja shi bayan kwalaye na faɗa masa gaskiya. Shekara biyu ke nan muna fama, yana cewa kaina ya fi tayil tauri." Ya ɗan murmusa. "Na ce a raina, littafin farko da zan karanta da idona, na surukina ne. In gama in zo in ba ku mamaki. Kwana ashirin na yi kafin in kai shafin nan. Da na kai, sau uku na maimaita layin. Ina fatan ni ne ban iya karatu ba."

Malam Biro ya zame daga kujera ya durƙusa. Hawaye ke zuba, bai ko share ba.

"Baba, ka yafe mini. Haushin wasu na ji, na huce a kanka, kai da ba ka taɓa raina ni ba. So nake a yi dariya a ce na iya... Zan je in karɓo su duka in ƙone. Wallahi zan ƙone."

"Ba za ka ƙone komai ba. Gaskiya ka faɗa, sai dai rabinta ka faɗa. Ka ga mutum na ɓoye abu, ba ka tambayi me ya kai shi ba. Ina shekara bakwai mahaifina ya rasu ya bar mu mu biyar. Da safe ina kallon yara suna wucewa da jaka, ni ina wucewa da kayan mutane a ka. Da ka zo ka zauna ka tambaye ni, da na ba ka labari, da littafin nan ya fi haka kauri."

"Ban kyauta ba, Baba."

"Ba ka kyauta ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba."

Auta ta matso ta durƙusa gefen kujerar, ta kama hannun uban.

"Ashe ka sani... Me ya sa ka bar ni ina ta yi maka ƙarya?"

"Ko ban iya karatu ba ai zan gane. Tun kina 'yar shekara tara yatsanki ke tafiya in kina karantawa. Ranar nan yatsan ya tsaya cak, baki kuwa na ta gudu." Ya shafa kanta. "Na bar ki ne don son kaina. Shekara nawa muna zama a ɗakin nan, ban taɓa jin yadda kike ganina ba sai a cikin ƙaryar nan. Kullum sai in ce gobe zan tsayar da ke, goben ta yi in ce bari in ƙara ji kaɗan."

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka.

"Kuma na ji dariyarki a babin takalmi," ya ce. "Wadda ta gama da mutum ba ta yi masa irin wannan dariyar. Labulen nan ma ya gaji da leƙe, duk Asabar sai an ja shi."

Duk da hawayen sai da kunya ta kama ta.

Baba ya juya ga surukinsa.

"Kai kuma ga hukuncinka. Saura mini babi tara. Malamina ya tsufa, barci yake in ina karatu. Ba gyaran kuskure ne aikinka ba? Kullum in ka tashi daga maɗaba'a ka biyo nan. Ni zan karanta, kai ka gyara mini. Duk kalmar da ka rubuta a kaina, daga bakina za ka ji ta, kana zaune."

"Na yarda, Baba."

"In mun gama, ka kawo takarda da biro. In ba ka ɗaya rabin."

Ya ja durowar tebur, ya ɗauko tabarau a gidansa na fata, ya ɗora a tafin hannun Auta ya rufe mata yatsu a kai.

"Tafi da shi gidanki, Autata. Na daina mantawa."

Rana ta yi sanyi lokacin da suka fito tsakar gida, shi riƙe da 'yar jakarta, ita rungume da tabarau. Sun yi taku goma sannan ya kira ta.

"Alƙaliyata..."

"Ban yanke hukunci ba tukuna."

"Zan jira. Ko shekara nawa ne."

"Daga yau ko wasiƙa za ka rubuta, sai na ji ta."

"Ko sunana ne."

Ta tsaya. Ta juyo ta dube shi sosai, karo na farko cikin mako bakwai. Sannan ta ɗaga hannu ta miƙar da wuyan rigar nan, ta daɗe tana gyarawa fiye da yadda wuyan riga ke buƙata.

"Na yi kewarka," ta ce, can ƙasa. "Har haushin kaina nake ji."

"Ni ban san ma sunan abin da na yi ba. Kewa ta yi masa kaɗan."

"Kofin nawa, da ka ce yana nan inda na bar shi... ka dai wanke?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban iya taɓa shi ba."

"Mako bakwai? Da sauran shayi a ciki?"

"Ya... ya ɗan fitar da gashi."

Dariya ta kufce mata, irin wadda ta daɗe tana tarawa, har ta dafa bango. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa yana laluben fensir. Ta kama hannun kafin ya kai, ta riƙe shi gam, ba ta sake ba.

Ta tagar ɗakin littattafai, bayan jan labule, muryar Baba na fitowa a hankali. Ya juya shafi, ya shiga na arba'in da biyu shi kaɗai.